Gyara Nake

Mahaifina mai gyaran agogo ne, amma in ka shiga layin bayan kasuwa kana tambayar mai gyaran agogo, yawo kawai za a yi ta yi da kai. Ka ce Baba Gyara-nake, ko mai tura ruwa zai kai ka har ƙofa. Shagon wani ɗan tsukin wuri ne tsakanin tela da mai yankan makulli, in ka buɗe hannu biyu sai ka taɓa bangon nan da na can. Akwai teburin aiki da fitila a kai, da gilashin ido ɗaya da yake maƙalawa in zai leƙa cikin agogo, da gwangwanayen madara cike da 'yan kusoshi. A kusurwa kuma, kan wata kujera marar jingina, allon ces ne, wasan daran nan mai doki da sarauniya, a shirye, farare nan, baƙaƙe can. Na taso na same shi a wurin.

Sunan ba daga agogo ya samo shi ba, daga ces ne. Wasan yana da doka: ɗan da ka taɓa shi za ka taka, wato shi za ka matsar, ko da matsar da shi ne zai kashe ka. Mafita ɗaya ce. In ka ga ɗa ya karkace a gidansa na kan allo kana so ka daidaita shi, sai ka fara cewa "gyara nake" da murya, yadda za a ji, sannan ka kai hannu. Shi kuwa Baba, Allah ya jarrabe shi da ƙin karkataccen abu. Takalmi a bakin ƙofa, cokali a gefen kwano, kalanda a bangon gidan mutane, duk sai ya daidaita, kuma duk sai ya ce gyara yake. Umma takan ce ita dai jira take ranar da zai kama hancinta. Mun sha dariyar wannan hali a gidanmu. Da na san abin da za a yi da shi, da ban yi dariyar ba ko sau ɗaya.

Yana da shekara ashirin da biyu aka kafa Hukumar Ces ta Ƙasa, a wani ɗaki da ke saman kantin littattafai. Su bakwai ne: Likita, Hedimasta, wani lauya, akawu biyu na gidan waya, mai hoto, sai Baba. Ba don iya wasa aka kira shi ba, in faɗi gaskiya, wasansa bai kai ya kawo ba har ya tsufa. Agogon wasa biyu suka sayo na hannu, irin mai fuska biyun nan da kowa ke danna nasa in ya taka, duka biyun matattu. Ya zo gyara, aka ga rubutunsa tsaf kamar na buga, aka miƙa masa biro da littafi. Da hannunsa aka rubuta dokokin Hukumar goma sha biyu.

Biyu daga ciki ne suka shafi labarin nan. Ta huɗu ta ce babu wanda zai shugabanci Hukuma fiye da zango biyu, kowane zango shekara huɗu. Ta tara kuwa da wasa ta fara. Ba su da takardar ƙuri'a, sai suka ce a yi da sojoji, ƙananan 'ya'yan nan na sahun gaba. A ajiye fari ɗaya da baƙi ɗaya a kan allo, wakili ya zo a gaban kowa ya ɗauki ɗaya ya jefa a jaka, fari na yarda, baƙi ban yarda ba. Ranar farko mai hoto ya ɗauki fari ya ajiye, ya ɗauki baƙi ya ajiye, ya tsaya yana sosa ƙeya, har Likita ya buga tebur ya ce, "Malam, ka taɓa, ka taka!" Aka yi ta dariya. Baba bai yi dariya ba, rubutawa ya yi: sojan da wakili ya taɓa shi zai jefa, sai in ya ce gyara yake, kuma aka ji.

Doka ta huɗu ita ce abin alfaharinsa a duniya, ba mu 'ya'yansa ba, wannan na daɗe da sani. Likita ya yi shekara takwas, aka roƙe shi ya zarce, ya yi hawaye a gaban mutane, amma ya sauka. Hedimasta ya so ya yi wata dabara, Baba ya buɗe littafin ya tura masa, dabarar ta mutu a nan. Bayansu an yi wani injiniya, da wata malamar jami'a mai faɗan tsiya, da wani tsohon ɗan wasa. Kowa ya yi nasa ya tafi, aka rataya hotonsa a ɗakin saman kantin. Hotuna biyar a jere, Baba ya auna tsakaninsu da rula. A duk shekarun nan shi ne babban alƙalin wasa, shi ke gyaran agoguna, shi ke jera sojoji ranar ƙuri'a, kuma da sauran shidan suka ƙare, aka ba shi girmamawar jefa ƙuri'ar ƙarshe.

Ni ma na ɗanɗana alƙalancinsa. Ina shekara goma sha tara na kai wasan ƙarshe na gasar mata ta ƙasa. Abokiyar karawata ta tashi shan ruwa, na kai hannu na kama doki, sai a lokacin na hango cewa in na taka shi sarauniyata ta tafi. Na janye hannu kamar na taɓa garwashi. Na ɗaga kai, sai ga Baba a tsaye, hannu a baya.

"Auta," ya ce, "kin taɓa."

"Baba, ba wanda ya gani."

"Ni ba mutum ba ne?"

Na taka dokin, aka cinye ni. Wata huɗu ban gaishe shi da baki ba, sai dai in durƙusa in tashi. Ban ƙara zama gaban allo ba, na tafi na karanci harhaɗa magunguna. Shi kuwa ko a jikinsa. Da Umma ta yi masa magana, cewa ya yi ai ya ji zafi, amma dokin an taɓa shi.

Shugaba na shida ɗan kwangila ne, kowa Ciyaman yake ce masa. Da farko kyautar alluna yake kai wa makarantu, aka ga mutumin kirki, aka zaɓe shi. Ba ya ɗaga murya. In yana magana sai ka sunkuyo, in ya tashi turarensa ya yini a ɗakin. Wasansa ma bai fi na Baba ba, amma ban taɓa ganin mutumin da ke kallon mutane irin kallonsa ba, a hankali, kamar mai taya akuya. Zangon farko lafiya lau. A na biyu ne aka fara lura cewa duk wanda ya musa masa a taro, sai sunan yaransa ya ɓace daga jerin masu fita gasar waje. Reshe biyu aka rushe, aka kafa sababbi da mutanen da ko jera allo ba su iya ba. Ba a taɓa jin ya yi wa kowa barazana ba. Saura wata biyar zangonsa ya cika, sai ga takarda: za a yi taro a gyara doka ta huɗu.

A lokacin Baba ya shekara biyu da yin aikin maƙogwaro. Ya warke, amma muryar ba ta dawo ba, sai wani raɗa-raɗa kamar ana murza takarda. A gida mun saba, bakinsa muke kallo.

Wata ranar Laraba da la'asar na kai masa magani shago, na tarar da baƙar mota ta toshe layin, tela yana ta leƙe. Ciyaman ne zaune a kan benci kusa da allon, ya tattara rigarsa don kada ta taɓa ƙasa. Na gaishe shi, ya amsa da fara'a, har ya tambayi yarana. Ina jera magani ina kallonsu ta wutsiyar ido. Yana magana yana wasa da ɗan yatsa a bakin allon, sai ya ɗan ture soja ɗaya, ya fita daga tsakiyar gidansa. Baba bai ma kalla sosai ba, leɓensa ya motsa, hannunsa ya tafi ya daidaita.

"Na'am, Baba? Me ka ce?"

Baba ya yunƙura. "Na ce gyara nake."

"Ayya. Ban ji ba sam. Muryar ta yi ƙasa, Allah ya ƙara sauƙi." Ya yi murmushi. "Ai ni ma gyara nake, Baba. Doka ce ta tsufa ta karkace, zan ɗan daidaita ta."

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, ni kuma ina maimaita masa da ƙarfi, "mai gyara a gidansa yake barin ɗa. Kai ɗauke shi za ka yi daga allon."

Ciyaman ya yi dariya har da tafa cinya, ya ce tsofaffin nan akwai magana. Kafin ya tashi ya sake ture wani sojan, da wani kuma. Sau uku Baba yana gyarawa. Ni na ɗauka irin rashin zaman hannun masu kuɗi ne. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon hannun Baba, ba fuskarsa ba. A lokacin na kasa gane dalili.

Lissafin kowa ya san shi, har tela. Wakilai ashirin da uku ne. Sha ɗaya suna aljihun Ciyaman, sha ɗaya sun yi tsaye ƙyam sun ce ba za a taɓa dokar ba, na ƙarshe Baba. Baba kuwa ko duniya za ta tashi baƙi zai jefa. Mutanenmu har murna suka fara. Ni ce kawai hankalina ya ƙi kwanciya, don na ga mutumin da ya san zai faɗi, kuma ba haka yake murmushi ba.

Saura mako guda aka aiko da wata takardar. An mayar da taron babban zauren wani otal, wai ɗakin saman kantin ya yi kaɗan. Sannan saboda girmamawa da kuma lafiyarsa, an hutar da Baba daga jera sojoji, Sakatare zai yi. Sakataren nan ƙanin matar Ciyaman ne. Baba ya karanta, ya ninke takardar daidai tsakiya, ya ce ba komai, jera soja ba ya sauya launinsa.

Ni kuwa na shiga tsare-tsare kamar mai shirin yaƙi. Na ce za a tare mu a hanya, don haka tun ƙarfe bakwai na ɗauko shi a motata, muka bi ta wata unguwa. Na ce za a sa masa wani abu a shayi, na zo da ruwanmu a gora, na hana shi karɓar ko alewa. Na ce za a ce katinsa na wakilci ya ɓace, na yi masa kwafi uku. Duk ƙofar da na hango na rufe ta. Ban san ta inda za a shigo a jikinsa take ba, tun kafin a haife ni.

Zauren ya fi ƙarfin taron. Kujeru jajaye, dogon tebur da koren ƙyalle, allon a tsakiya, tsohuwar jakar fata ta Hukuma a gefe. Aka ce na'urar sanyaya ɗaki ta lalace da safen nan, an kawo manyan fankoki huɗu na tsaye, irin na gidan biredi, biyu an kafa su dab da teburin. Ƙararsu kamar injin niƙa. Mai kiran suna sai da ya yi amfani da lasifika. Aka zaunar da ni a sahu na uku, wurin baƙi.

Aka fara. Sakatare ya ciro fari da baƙi daga akwati, ya ajiye kowanne a tsakiyar gidansa, tsaf, har na ce a raina ashe ya iya. Wakili ya zo ya ɗauka ya jefa, a sake ajiye wasu. Fari. Baƙi. Baƙi. Fari. Ina lissafi da yatsu a cikin mayafina. Wani wakili da muke tsoron zai juya ya tsaya ya share gumi, ya ɗauki baƙi, na ji kamar in rungume shi. Ciyaman yana zaune ya harɗe hannu, ko allon ba ya kallo. Da na ashirin da biyu ya jefa, sha ɗaya da sha ɗaya, kamar yadda aka faɗa.

Aka kira Baba. Ya miƙe, ya daidaita kujerarsa da ta kusa da ita, ya nufi teburin a hankali. Sakatare ya ajiye baƙin a tsakiyar gida. Ya ajiye farin, ya janye hannu, ya ja da baya taku biyu.

Daga inda nake na hango shi. Farin sojan rabinsa a gidansa, rabinsa a kan layi, ya karkace kamar haƙorin da ke shirin fita. Nan take shagon ya dawo mini, da ɗan yatsan nan, da "ban ji ba sam". Na miƙe na ƙwala, "Baba!" Fanka ta haɗiye muryata. Na ga leɓensa ya motsa, na ga hannun ya tafi da kansa, yadda yake tafiya shekara hamsin, ya kama farin da yatsu biyu ya mayar da shi tsakiya.

Wani ya kashe fankokin, duka huɗun, lokaci ɗaya. A cikin shirun nan lauyan Ciyaman ya miƙe ya gyara rigarsa.

"Ya taɓa," ya ce.

Wuri ya kaure. Mutanenmu suna ihu cewa makirci ne, wani ya hau kan kujera, wani yana nuna Sakatare yana zaginsa ta uwa ta uba. Ciyaman ya ɗaga hannu ɗaya, ya jira har aka lafa.

"Haba jama'a, a gaban Baba? Shi ne alƙalinmu, da hannunsa aka rubuta dokar nan. Ni abin da ya yanke na yarda, ko a kaina ne." Ya juya, murya a ƙasa. "Baba, ka ce gyara kake?"

Baba ya gyaɗa kai.

"To madalla. Saura ɗaya. An ji?"

Baba ya dubi Sakatare, shi ne mafi kusa. Sakatare ya sunkuyar da kai ya girgiza. Ya dubi wakilan sahun gaba, namu da nasu. Namu suka yi tsuru-tsuru, don duk yaransa ne, shi ya koya musu alƙalanci, ba wanda ya iya buɗe baki ya yi masa ƙarya ido da ido.

Ni na iya. Ban san lokacin da na fito tsakiyar zauren ba. "Na ji!" na ce. "Ni na ji shi da kunnena. Ya faɗa kafin ya taɓa."

Mutanenmu suka ɗauka, "Ta ji! An ji!" Lauyan ya buɗe baki, Ciyaman ya dafa hannunsa ya hana shi. Kallon Baba kawai yake, hankali kwance. A nan na gane ba a kan muryar kaɗai ya dogara ba. Ya san mutumin da ke gabansa fiye da yadda na so in san shi.

Baba ya dubi kujerar da na taso, ya dubi fankokin, kamar mai auna tsakanin hotuna. Sannan ya yafito ni da hannu. Na je, na sunkuya, na kai kunnena bakinsa. Ina jin ƙamshin man agogo a rigarsa.

"Auta," ya ce, "ni kaina ban ji ba."

"Baba, don Allah. Don girman Allah. Tarko ne, kowa ya gani."

"Na gani. Amma an taɓa."

Ya ɗauki farin sojan. Ko jinkiri bai yi ba, wannan ma ya ƙara ba ni haushi. Ya jefa shi a jaka, muka ji ƙarar faɗuwarsa a kan sauran.

Tafi ya ɓarke a ɓangarensu. Ciyaman ya taso ya rungume shi, ya ce wa zauren irin su Baba sun ƙare a ƙasar nan, kuma gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji kamar in shaƙe shi. A mota na zazzage wa Baba abin da ke cikina tun ina shekara goma sha tara. Na ce ya kashe doka ta huɗu don ya raya ta tara. Na ce ya fi son a ce ya yi daidai da a ce an tsira. Na faɗi abin da 'ya ba ta faɗa wa uba, har yau ina jin kunyarsa. Yana kallon titi, hannayensa a matse tsakanin gwiwoyi.

Wata guda bayan nan aka soke ƙuri'ar sojoji, wai ta tsufa, aka koma takarda, Sakatare ke ƙirgawa. Aka kwashe hotuna biyar ɗin daga saman kantin zuwa sabon ofis, aka jingine su a bayan kabad, aka rataya na shida shi kaɗai, ya kusa cika bango. An sake zaɓen Ciyaman ba hamayya, yanzu ma ba a maganar zango. Cikin sha ɗayan namu wasu sun ce Baba wawa ne, wasu sun ce sayensa aka yi, biyu suka daina gaishe shi. Hukuma ta aiko masa da lambar yabo ta gilashi. Tana nan a kwalinta ƙarƙashin tebur.

Yana zuwa shago har yanzu, yana gyara agogon da aka kawo, ko da yake masu kawowa sun yi ƙaranci. Wata rana da na huce na kai masa magani, na zauna a bencin, ina so in ba shi haƙuri na rasa ta inda zan fara. Sai na kai ɗan yatsa na ture soja ɗaya a allon, kaɗan, don ya gyara in yi dariya, shi ma ya yi, magana ta wuce. Ya gani. Ya daɗe yana kallonsa. Na ga yatsunsa biyu sun motsa a kan cinyarsa, sai ya kama su da ɗaya hannun ya riƙe.

Wata takwas ke nan. Tela ya ce kullum da safe Baba yana share shagon, yana goge tebur da fitila, amma ba ya zuwa kusurwar nan. Jiya na leƙa, sojan yana nan inda na bar shi, rabinsa a kan layi.